Ranar da Mai Tambaya Ya Koma Kujerar Amsa

Sana'ata tambaya ce. Shekara tara ina gaban makirfo ina tatsar zance daga bakin mutane, har na ɗauka na iya sauraro. Sai ƙanena ya rasu a haɗarin mota, kuma ni na karanta sanarwar rasuwarsa a shirin safe, domin ba wanda zai canje ni ranar. Daga nan barci ya ƙaurace mini wata huɗu.

Masanin halayyar ɗan Adam na farko da na gani a Yamai ya san aikinsa, ban hana masa ba. Amma da Faransanci ya tarbe ni, idonsa kan takarda: awa nawa nake barci, ina cin abinci, na taɓa tunanin kashe kaina? Na amsa daidai, kamar ɗalibi. Sau biyu na je, na biya kuɗina, ban ambaci sunan ƙanena ko sau ɗaya ba.

Na biyun dattijo ne. Ya ji Hausa a bakina sai ya ajiye Faransancin. Ya ce, "Ɗana, wa ka rasa?" Na yi shiru mai tsawo. A gidan rediyo, shirun daƙiƙa biyar laifi ne, injiniya zai ɗaga maka hannu. Shi kuwa ya bar shirun ya zauna tare da mu, har na faɗi sunan.

Daga baya na karanta cewa masana sun daɗe a kan wannan batu. Tun 1957 Carl Rogers na Amurka ya ce sai mai jinya ya ji an fahimce shi, an karɓe shi ba tare da sharaɗi ba, kafin magana ta yi masa magani. A 1979 Edward Bordin ya kasa alaƙar gida uku: yarda a kan inda aka nufa, yarda a kan aikin da za a yi, da amincin da ke tsakani. Bincike mai yawa bayan nan ya nuna inda alaƙar ta yi ƙarfi an fi samun sauƙi, ko da wace dabara aka bi. Ba ita kaɗai ke warkarwa ba, dabarar ma tana da nata rabon. Ni dai ban ga yadda za ta shiga ba in ƙofa a rufe take.

Kuma alaƙar ba daɗin baki ba ce. A zama na biyar dattijon ya ce wataƙila ina ɓuya ne a bayan aiki. Raina ya ɓaci, na ƙi komawa mako biyu. Da na koma na faɗa masa. Bai kare kansa ba. Ya ce, "Na yi gaggawa, ka yi haƙuri. Faɗa mini yadda kai ka gan shi." A ranar na faɗa masa abin da ko matata ban faɗa wa ba: ni na matsa wa yaron ya shiga motar dare, don ya riski bikin suna a gidana.

Barci ya dawo a hankali. Har yanzu in an miƙo mini takardar sanarwar rasuwa, sai na kurɓi ruwa kafin in buɗe makirfo.