Tsakanin Ƙiba da Rama

A Hausarmu ta yau da kullum, hukunci biyu ake yanke wa jikin mace: ko a ce ta yi ƙiba, ko a ce ta rame. Na farko yabo ne, alamar hutu da wadata. Na biyu jaje ne, shi ya sa "lafiya dai?" take biye da shi. Macen da kitsenta ya ragu alhali ƙarfinta ya ƙaru ba ta da gurbi a tsakani.

A jikina na lura da wannan giɓi, bayan wata huɗu ina tsallen igiya da asuba tare da wata abokiyar karatuna a Yamai. Sikeli bai sauka ba sai kaɗan, amma ɗaurin zane ya fara barin saura a ƙugu. Dalilin kuwa shi ne tsalle yana ƙona kitse, yana kuma ƙarfafa tsokar ƙafa, ita ko tsoka ta fi kitse nauyi: lita guda tata takan kai giram 1060, ta kitse kimanin 900. Sikeli jimla kawai yake faɗa.

Ƙashi ma yana amfana, domin kowace dira tana ɗora masa nauyi, shi kuma ya ƙara ƙwari. Ƙwarin ƙashi yana kai ƙololuwa wajen shekara 30, kuma a mata yana raguwa da sauri bayan ɗaukewar al'ada, don haka ajiyar ƙuruciya ake ci a tsufa. Tun 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya take ba baligi shawarar minti 75 zuwa 150 na motsa jiki mai tsanani a mako. Mai ciki da mai ciwon gwiwa su fara ganin likita.

Abokiyar tawa ta jingine igiya bayan hutu, saboda gwaggonninta sun taru suna tambayar wace damuwa ke cin ta. Inda wasu mata suke shan ƙwayoyi don su yi ƙiba, "kin rame" ba ƙaramar magana ba ce.

Alhali harshen bai rasa kalmomi ba. Kowane mahauci a kasuwar Maraɗi yana bambanta kitse da tsoka da ƙashi, mai saye ma haka. A kan jikinmu ne kaɗai muka dunƙule su. Ya kamata mu ɗaliban harshe mu shigar da wannan bambanci cikin shirye-shiryen lafiya na rediyo da hirar tsakar gida, don macen da ta ƙara lafiya ta daina karɓar gaisuwar jinya.