Bayan an cire min nono: wai ana iya mayar da shi?

1/ Shekara 2 kenan da aka cire min nonon hagu. Sankara ce. Mata na ta tambayata a ɓoye, wai ana iya mayarwa? Bari yau in amsa a fili.

2/ 'Yar Tudun Wada ce ni. Wata 8 ina ɓoye kullutun ina shafe-shafe, saboda na ga yayata ta Doguwa: aka yi mata aiki, ta koma cusa tsumma a rigar mama, har biki ta daina zuwa. Wallahi na fi tsoron tsumman nan a kan mutuwa.

3/ Sai bayan tiyata wani likita a Kano ya ɗora min wasu jakunkuna biyu a tebur, ya ce in taɓa. Ɗaya ruwan gishiri ne a ciki. In ta fashe nonon zai sace, ki gani da idonki, jiki ya shanye ruwan. Ɗayar silikon ce mai kauri, ta fi laushi, ta fi kama da na Allah, amma tana iya tsagewa ba ki sani ba sai an yi hoto.

4/ In fatar ta yi kaɗan, ana fara sa wata jakar, a riƙa ƙara mata ruwa kaɗan-kaɗan na makonni har fata ta buɗe. Ni lissafin kuɗin mota na fara, sau nawa zan bi ta Kwanar Ɗangora.

5/ Ya gaya min gaskiya: ba na har abada ba ne, wataƙila a sake aiki nan gaba. Ba ya kawo ruwa, ba ya jin taɓi kamar da. Kuma da yake an yi min gashi a Shika, fatar ta taurara, sai ya ce ni gara a ɗebo nama daga bayana ko cikina a gina.

6/ Na tambayi malaminmu ko canza halitta ne. Ya ce gyara ne, ya kawo Sahabi Arfaja da aka yanke wa hanci, Annabi (SAW) ya ba shi izinin sa na zinare.

7/ Maigida cewa ya yi, "Ke dai ki rayu mana." Kuɗin aikin kam ba mu haɗa ba tukuna. Na roba nake sawa a rigar mama, har yayata na saya wa, ta je suna Kiru da shi.

8/ Ke da kika turo min saƙo daga Bebeji jiya, Litinin zan shiga Kano. Ki jira ni a kwana, mu tafi tare a duba ki.