Na ɗora sabuwar manhaja a kan kwamfutar da babu ita

Tun da Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, magana ɗaya nake ji a bakin masu gyara da masu saida kaya: kwamfutar da ba ta iya ɗaukar Windows 11 ta gama aiki. Wannan magana ta iso har taron kwamitin iyayen yara na lakwal ɗinmu, inda aka kawo shawarar a kwashe tsofaffin kwamfutoci tara da ke ɗakinmu a saida wa ƴan gwangwan, a jira ranar da za a samu kuɗin sababbi. Ni malamin lissafi ne, kuma na san yadda irin wannan jira yake ƙarewa. Yaran da ke aji uku yanzu za su fita ba su taɓa madannai ba.

Ban yi gardama da baki ba. Na nemi a ba ni hutun ƙarshen zango, don in gwada wani abu a gida: in ga iyakar tsufan da kwamfuta za ta yi kafin manhajar zamani ta ƙi zama a kanta.

Na zaɓi VAX. Kamfanin Digital Equipment Corporation na jihar Masacusets a Amurka ne ya fito da ita a 1977, da samfurin VAX-11/780, mai girman manyan kabad na tufafi, wadda jami'o'i da ma'aikatu kaɗai ke iya saye. Mutane da yawa ke aiki a kanta lokaci guda, kowa da allonsa. Kamfanin kansa ya ɓace, Compaq ya saye shi a 1998. Babu inda zan samu irin wannan na'ura, don haka na yi amfani da manhajar kwaikwayo mai suna SIMH, wadda Bob Supnik, tsohon injiniyan kamfanin, ya fara rubutawa a 1993. Aikinta shi ne ta sa kwamfutarka ta yi kamar tsohuwar na'urar. Duk umarnin da ƙwaƙwalwar VAX za ta karɓa, SIMH na karanta shi ɗaya bayan ɗaya, ta aikata abin da VAX za ta aikata. Manhajar da aka ɗora a ciki ba ta san cewa babu ƙarfe a ƙarƙashinta ba.

Samfurin da na kwaikwaya shi ne MicroVAX 3900, na ƙarshen shekarun 1980. Babbar manhajar da na ɗora masa, wato wadda ke tafiyar da na'ura baki ɗaya kamar yadda Windows ko Android ke yi, ita ce NetBSD 10, wadda ta fito a Maris 2024. Kyauta ce, kuma a buɗe take: kowa na da izinin karanta yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya raba wa wasu. Asalinta ma a kan VAX yake, domin daga BSD ta jami'ar Kalifoniya a Bakali ta samo tushe, kuma a kan VAX aka raya BSD tun 1979. Masu aikin sa kai ne suka riƙe ta tun 1993, har yau ba su yar da tsohuwar na'urar ba.

Ga yadda aikin ya tafi. Da farko na rubuta ɗan fayil mai layuka kaɗan, ina faɗa wa SIMH irin na'urar da nake so: ma'adanar aiki megabayit 64, faifan ajiya ɗaya wanda a gaskiya fayil ne kawai a kwamfutata, da faifan CD mai ɗauke da NetBSD. Da na tada ta, baƙin allo ya fito, lambobi suna saukowa yayin da na'urar ke binciken kanta, sannan ta tsaya a kan alamar >>> tana jira. Babu hoto, babu abin dannawa. Na rubuta boot dua1, ma'ana ta tashi daga faifai na biyu. Daga nan manhajar girkawa ta riƙa tambaya: wane faifai, a raba shi kashi nawa, waɗanne sassa ake so. Na bar duk abin da ya shafi zane da hotuna. Kwance fayilolin ya ci fiye da awa uku, wuta ta ɗauke a tsakiya, batir ya riƙe. Tashin farko ma ya daɗe, domin sai da na'urar ta ƙirƙiri mabuɗan sirrinta, lissafin da ke yi mata nauyi ƙwarai. Daga ƙarshe ta nemi sunana da kalmar sirri, na shiga.

Ɗiyata mai shekara goma sha huɗu ta zauna kusa da ni a rana ta biyu. Na nuna mata yadda ake ganin jerin fayiloli da yadda ake buɗe sabo. Muka rubuta ɗan shiri a harshen C mai tara lambobi daga 1 zuwa 100. Na'urar ta yi jim kafin ta fassara shi, sannan ta buga 5050.

Ta ce, "Baba, me ya sa take daɗewa haka, alhali wayar Inna nan take take yi?"

Na ce ta raba gigabayit 2 na wayar da megabayit 64 na wannan. Ta samu 32. Daga nan muka shiga maganar mene ne ma'adana, mene ne ƙwaƙwalwa, da wa ke raba musu aiki. Shekara biyu tana shafa waya, ba ta taɓa yin wannan tambaya ba, domin waya ba ta barin yaro ya ga abin da ke ciki. Jinkirin tsohuwar na'ura ne ya ba ta sararin tambaya.

Kada a fahimce ni a baibai. Ba na cewa a koyar da yara a kan VAX, kuma NetBSD a cikin SIMH ba ta buɗe bidiyo ko shafukan intanet na yanzu. Abin da gwajin ya nuna shi ne, ranar da kamfani ya janye hannunsa ba ita ce ranar mutuwar na'ura ba. Windows 11 na neman aƙalla gigabayit 4 da wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0. Wannan sharaɗin Windows ne kaɗai. Mafi rauni a cikin kwamfutocinmu tara ta ninka MicroVAX ƙarfi sau da yawa.

Buɗaɗɗun manhajoji ma suna da iyaka, ya kamata a sani. Debian 13, da ta fito a Agusta 2025, ta daina fitar da faifan girkawa na kwamfutoci masu bit 32. Saboda haka kafin a girka komai, a duba ko na'urar mai bit 64 ce. In haka ne, Debian da fuskar Xfce mara nauyi da LibreOffice sun isa rubutu, jadawalin lissafi da koyon Python, kuma duk suna aiki ba tare da intanet ba. Forfe ɗaya ya isa a sauke faifan, makullin USB ɗaya ya zagaya dukan na'urorin.

Na kai wa kwamiti wannan bayani bayan hutu. Aka amince a dakatar da saidawa har ƙarshen shekara. Shida sun tashi da Debian, biyu faifansu ya mutu, ɗaya kuma mun ajiye ta a buɗe don yara su ga kayan cikinta su taɓa da hannu. Ɗalibai ne suka yi girkawar da kansu, uku-uku a kan kowace na'ura.

Roƙona ga ƴan uwana malamai da iyaye: in aka ce muku kwamfutar lakwal ko ta gida ta mutu, ku tambaya me ya mutu a cikinta, ƙarfen ne ko manhajar. In manhajar ce, ku samo makullin USB, ku zaunar da yaro a gabanta, ku bar shi ya yi girkawar da hannunsa ko da za ta ci masa yini guda.