Wa Zai Ƙidaya Wanda Bai Zo Asibiti Ba?

Duk wanda ya taɓa zuwa a gwada masa ido ya san aikin nan ba ya rabuwa da lissafi. Za a zaunar da kai mita 6 daga jikin allo, a rufe maka ido guda, a ce ka karanta. In kuwa ba ka yi boko ba, a nuna maka harafin nan mai ƙafa uku, ka faɗi inda ƙafafun su ka fuskanta. Daga nan ma'aikaci ya rubuta 6/6, ko 6/18, ko 3/60. Wannan na ƙarshe ma'anarsa ita ce, abin da mai lafiyar ido ke hangowa daga mita 60, kai sai ka matso mita 3 sa'an nan ka gan shi. Wanda idonsa mafi lafiya ya kasa ko da wannan, shi ne Hukumar Lafiya ta Duniya ke sakawa cikin lissafin makafi.

Wannan awo na mutum ɗai-ɗai, ba shakka yaranmu su na ƙwarewa a kansa cikin shekaru shidan da su ke yi a jami'a, tun daga ta Binin wadda ta fara koyar da shi a Nijeriya har zuwa ta Bayero da ke Kano. To, amma idan ɗalibi ya koma neman digiri na biyu, sai a ɗora masa wani kaya dabam, watau ya faɗi gaskiya game da idanun gari guda, alhali kuwa ba zai iya duba kowa ba. A nan ne na ga su na ɗingishi, kuma a kan wannan ne na ke son in yi 'yar magana, a matsayina na tsohon malamin lissafi wanda ya shekara talatin da ɗoriya ya na shan ƙurar alli.

Bara 'yar ƙanwata, wadda ke irin wannan karatu, ta zo gida nan Suleja domin tattara bayanin bincikenta. Abin da ta ke nema shi ne ta san yawan mutanen da su ka haura shekara 40 waɗanda ganinsu na kusa ya raunana, ba su iya zura zare a allura ko karanta ƙananan rubutu, kuma ba su da tabarau. Tambaya ce mai kyau, domin tela ko mai ɗinkin hula da ya kai wannan hali, abincinsa ne ya fara kuɓuce masa. Na tambaye ta inda za ta samo mutanen. Ta ce wani ɗakin duba ido ya yarda ya ba ta rajistarsa. "Kawu, sunaye sun fi dubu a ciki, ai sun ishe ni har da ragi." Na ce, "'Yar nan, sun ishe ki sanin waɗanda su ka je can. Wa zai ba ki labarin waɗanda ba su je ba?"

Ga dalilina. Tun da gwamnati ta tare a sabon babban birni cikin 1991, Suleja da Madalla su ka cika da ma'aikatan da ke kwana a nan su yi sammako zuwa ofis a Abuja. Mai albashi, da zarar ya ga rubutu ya na yi masa hazo, gobe ya na wurin mai awon ido. Amma manomin Gwari ko Koro da ke ƙauye, da tsohuwar da ke cikin gida ta riga ta sallama cewa tsufa ne, ba za ka ga sunansu a wannan littafi ba, su ne kuwa ainihin waɗanda binciken ke nema. Mai sayen hatsi ya san wannan tun ba a ƙirƙiro kwamfuta ba. Ba ya yarda da abin da ke bakin buhu, sai ya cusa hannu har can ciki. Ko buhu dubu ka duba, in iyakarka baki, ba ka san abin da ka saya ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, yarinyar nan ba ta taɓa jin cewa a garin kakanninta a ka yi ɗaya daga cikin shahararrun bincike game da ciwon ido a Afirka ba. Kafin a ari sunan a bai wa babban birni, garin nan shi ne Abuja, a ka sauya masa suna domin girmama Sarki Sulaimanu Barau. Ƙasa ce mai duwatsu da rafuka masu gudu, irin ruwan da wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda ke so domin ya yi ƙwai. Cizonsa ne ke zuba wa mutum wata tsutsa wadda 'ya'yanta ke yawo cikin fata, su kawo ƙaiƙayi mai hana barci, daga bisani su shiga ido su makantar. A cikin 1956 a ka fara zuba maganin DDT cikin rafukan da ke kewaye da garin domin a kashe ƙudan tun ya na tsutsa a ruwa, bisa shirin wani masanin ƙwari Bature, R. W. Crosskey, sa'an nan J. B. Davies ya ci gaba da aikin. Mu na yara mu kan ga ma'aikatan a bakin rafi, sun naɗe wando har gwiwa, su na jiran ƙuda ya sauka a ƙafarsu su kife shi da 'yar kwalba, su duba agogo, su rubuta. Mu dai dariya mu ke yi musu, mu na cewa ga manya da aikin banza.

Ashe wannan rubutu na yau da gobe shi ne ƙashin bayan aikin duka. Domin sun ƙidaya ƙudan tun kafin a fara zuba magani, shi ya sa su ka iya tabbatar da cewa ya ragu ƙwarai bayan an zuba. Da wasu ne, a nan za su tsaya, a buga ganga a ce an ci nasara. Su kuwa su ka tuna cewa ba don ƙuda a ka zo ba, don mutane a ka zo. Sai a ka koma a ka riƙa ɗan yankar fata a na dubawa da madubin likita, kuma rahoton da Davies ya fitar cikin 1968 a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya bai ɓoye ba cewa cutar ta na nan a jikin jama'a bayan shekaru goma. Dalilai kuwa a fili su ke: uwar tsutsar ta kan rayu fiye da shekara goma a jikin mutum, ƙuda kuma ba ya sanin iyakar ƙasar sarki, daga wasu rafukan ya ke sake kwararowa. Ni a ganina, ɗalibin da ya zauna ya fahimci wannan labari guda ya fi wanda ya haddace babi biyar na littafin ƙididdiga.

Maganin gaske ya zo daga baya. Cikin 1987 kamfanin Merck na Amurka ya yi alkawarin bayar da ƙwayar Mectizan kyauta. Ko a nan ma ba a ce gani ya kori ji a ka tsaya ba. A ƙauyukan Jihar Kaduna, Farfesa Adenike Abiose da abokan aikinta su ka raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a, waɗansu su na shan maganin sau ɗaya a shekara, waɗansu su na shan ƙwaya mai kama da shi wadda ba kome a cikinta. Sakamakon da su ka buga cikin 1993 ya nuna maganin ya na rage lalacewar jijiyar gani, musamman ga waɗanda tsutsar ta yi wa yawa. Amfanin ƙuri'ar shi ne ta hana zuciyar mai bincike zaɓen waɗanda ya ga alamar za su warke. Yau ga shi maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar, a watan Janairu na 2025, sun zama ƙasa ta farko a Afirka da a ka tabbatar ta rabu da wannan cuta.

Haka kuma babban binciken makanta da a ka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 bai zauna a asibiti ya jira ba. An zaɓi wurare 305 a duk faɗin ƙasa, a ka bi mutane har gida, a ka duba fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. A ka samu kashi 4.2 cikin ɗari makafi ne, watau fiye da mutum miliyan ɗaya in an kwatanta da yawan jama'a. Yanar ido ita ce kan gaba da kashi 43 cikin ɗari, sai hawan jinin ido, kuma kashi 84 cikin ɗari na makantar abin da a ke iya kaucewa ne ko a warkar. Har ila yau an gano cewa raunin gani wanda bai kai makanta ba, mafi yawansa rashin tabarau ne kawai, wanda shi ne ainihin fagen masu awon ido. An kuma tarar da ɗimbin tsofaffi waɗanda masu maganin gargajiya su ka tura wa yanar ido ciki da tsinke. Wace rajistar asibiti ce za ta nuna maka wannan?

Akwai wani rami kuma wanda masu binciken ido ke faɗawa. Allah Ya ba mutum ido biyu, sai ɗalibi ya duba mutum 100 ya rubuta cewa ya na da shaida 200. Ina! Idanun mutum ɗaya gidansu ɗaya, jininsu ɗaya, shekarunsu ɗaya, abin da ya sami na dama sau da yawa ya na bakin ƙofar na hagu. Kamar alƙali ne ya saurari mutum guda sau biyu ya ce shaidu sun cika. Ko dai a ɗauki ido guda daga kowane mutum, ko kuwa a yi amfani da hanyar lissafin da ta san da wannan dangantaka.

Sai kuma wata al'ada da na ke jin ta yi ƙamari, wadda ita ce ta fi damuna. Ɗalibi ya gama tattara takardunsa, ya kai wa wani mai shagon kwamfuta a bakin makaranta, ya biya, bayan kwana biyu a miƙo masa jadawali daga SPSS, ya manna a babi na huɗu. In ka tambaye shi me ya sa a ka zaɓi wannan gwaji ba wancan ba, sai ya soma susar ƙeya. Abin da ya sani kawai shi ne lamba ta fito ƙasa da 0.05, saboda haka an dace. Bai san cewa in ka gwada abubuwa 20 da ba su da wata alaƙa ko kaɗan, a na sa ran guda daga ciki ya tsallake wannan shinge don katari kawai ba. Ban ga laifin yaran sosai ba. A kan koya musu ƙididdiga a zango guda, a kan allo, da misalan da ba ruwansu da ido, sa'an nan a nemi su yi aikin ƙwararru. Da a na ba su tsofaffin rajistoci na gaske su tsefe da hannunsu tun daga makon farko, a kuma sa malamin ƙididdiga ya zauna da su kafin su fita fage, ba bayan sun dawo ba, da an rage wannan ciniki.

Ita dai 'yar tawa ta bar batun rajista, ko da ya ke hakan ya ƙara mata wata uku da kuɗin mota da ba ta shirya ba. Ta nemi izini, ta bi ta hannun masu unguwanni, mu ka rubuta sunayen unguwanni da ƙauyuka a 'yan takardu, mu ka zuba a ƙwarya, ƙaramin jikana ya zaro. Ƙuri'a ta faɗa kan wani ƙauye da babur kaɗai ke shiga da damina, ta dube ni ta ce, "Kawu, ko a sake?" Na ce a'a. Da ya ke mace ce, an bar ta ta shiga har ɗakunan tsofaffin da namiji ba zai gani ba. A takardar tata ta ƙara wani gurbi na waɗanda ba ta tarar a gida ba, mafi yawansu sun tafi gona ko kasuwar Dikko, kuma ta kan koma musu har sau uku kafin ta rubuta cewa ba a same su ba.