Kafin Ka Ce A Yi Fomatin, Karanta Abin Da Allo Ya Rubuta

A garinmu Damaga, kamar sauran garuruwan yankin Talata Mafara, Bakura da Maradun, kwamfutar tafi-da-gidanka ɗaya ce kan yi wa gida guda aiki. Yawanci ta hannu ce, yaya ya saya don karatu, ƙanne kuma su lallaɓa su sa wasan ƙwallo a ciki. Ranar da wasan ya ƙi tashi, sai ka ji an ce, “A kai ta Mafara a yi mata fomatin.” Ƙannena, wannan shawara tana da tsada. Ban da kuɗin mota da na mai gyara, fomatin kan share duk abin da ke ɓangaren da aka ɗora Windows, har da aikin kammala karatun yaya.

Wasan PES 2017, wanda kamfanin Konami na Japan ya fitar a 2016, shi ya koya mini cewa kwamfuta kan faɗi ciwonta da bakinta. A hutun da ya wuce wani ƙanen abokina ya kawo mini tasu, ya ce, “Yaya, ta lalace.” Na ce ya sake danna wasan, amma kada ya rufe ɗan akwatin da zai fito. Da muka karanta, cewa ya yi babu fayil mai suna d3dx9_43.dll. Wannan fayil ɓangare ne na DirectX, manhajar Microsoft da wasanni ke dogara da ita wajen nuna hoto. Muka ɗora ta, wasa ya tashi, ko kwabo ba a kashe ba.

Kowane saƙo da inda yake nunawa. In ka ga MSVCP140.dll, manhajar Visual C++ ce ba a ɗora ba. In ka ga lambar 0xc000007b, sau da yawa fayilolin 32-bit ne suka cakuɗe da na 64-bit, sai a sake ɗora waɗannan manhajoji biyu daga shafin Microsoft. Kada ka sauke fayil ɗaya tilo daga shafin da ba ka sani ba, domin ta nan ƙwayoyin cutar kwamfuta ke shigowa.

In kuwa allo ya yi baƙi, wasan ya koma ba tare da saƙo ba, danna madannin Windows tare da R, ka rubuta dxdiag. Nan za ka ga yawan RAM da sunan katin hoton da ke cikin na'urar, ka gwada da abin da wasan ke buƙata. Tsohuwar kwamfuta mai Intel HD ba za ta ɗauki wasan bana ba, ko sau goma aka yi mata fomatin. In ƙarfinta ya kai, sabunta direban katin hoton.

Akwai kuma ciwon da yanayinmu ke jawowa. Ƙurar hunturu kan toshe fanka, zafin Maris da Afrilu ya ƙarasa sauran, sai na'ura ta kashe kanta ana tsakiyar wasa. Ɗauke ta daga kan katifa ka ɗora a tebur, ka share ƙofofin iskarta. Sannan mu da muka ga yadda aka katse layukan waya a Zamfara a Satumban 2021 mun san intanet ba ta da tabbas, don haka ajiye DirectX da Visual C++ a filas.

Ƙa'idar da nake bi ita ce canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, in gwada, in rubuta sakamako. Haka malaman kimiyya ke koya muku a ɗakin gwaji, kuma da ita nake aiki yau a jami'a. Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB, kuma ɗalibin da ya saba karanta allo a natse ba zai firgita a zauren ba. Ka nemi izinin mai na'ura kafin ka taɓa komai, ka kwafe masa takardunsa a filas, sannan ka buɗe littafi ka rubuta saƙon farko harafi bayan harafi.