Waƙar Turmi: Daga Gonakin Dambatta Zuwa Wales

Uwargida, idan hanya ta bi da ke arewacin Kano a lokacin kaka, ki rage sautin wayarki ki sauke gilashin mota. Ko kin ɗauki titin Bichi ta Dawanau, ko na Dambatta mai wucewa Kazaure, da wuya ki ga daji. Gona ce ke bin gona, gero da dawa, wake da gyaɗa a tsakaninsu, ga gawo da ɗorawa da kuka a tsaye jefi-jefi. Ƙasa ce da ake nomawa duk shekara ba hutu, taki ke riƙe da ita. Gidaje kuwa kusa-kusa suke, shi ya sa sautin wani gida ke shiga wani.

Sautin da nake so ki kasa kunne gare shi shi ne lugude. Mata uku ko huɗu a kan turmi ɗaya, kowace da taɓaryarta, wannan ta sauke, waccan ta ɗaga. Gwanar cikinsu takan cilla taɓarya sama, ta tafa, ta cafe, ba tare da kiɗan ya karye ba. Ɗaya ta ba da waƙa, saura su amsa. Wani amshin ma ba shi da wata ma'ana, aikinsa kawai ya daidaita hannu da numfashi.

Wannan amshi ne ya sa na tuna da wani Bature. Karl Jenkins, mawallafin kiɗa ɗan yankin Wales na Birtaniya, wanda aka haifa a 1944, ya fitar da faifai a 1995 mai suna Adiemus: Songs of Sanctuary. Kalmomin waƙoƙin ba na kowane harshe ba ne, shi ya ƙirƙiro su, don murya ta zama kamar kayan kiɗa. Miriam Stockley, haifaffiyar Afirka ta Kudu, ita ta rera. An ɗauki muryarta sau da dama aka jera, har ta fito kamar taron mata, sannan aka ɗora a kan gogen Turawa na ƙungiyar London Philharmonic da ganguna. Asalin waƙar farko tallar kamfanin jirgin sama na Delta ce, amma faifan ya zaga duniya. Ki nema ki saurara, yana da daɗi, ba na musu. Sai dai abin da ya haɗa da na'ura a ɗakin ɗaukar sauti, matan Bichi da Makoɗa suna yin irinsa a tsakar gida, kuma a ƙarshe ga garin tuwo.

Gauraya kiɗan wata ƙasa da na gida ma ba baƙon abu ba ne a Kano. Finafinan Indiya sun daɗe a gidajen silima na birni, har wasu masu bege da bandiri suka riƙa ɗaukar karin waƙoƙinsu suna ɗora yabon Annabi (SAW) da Hausa. Malamai sun yi ta saɓani a kai. Daga baya waƙoƙin finafinan Hausa suka zo da fiyano, su ne yanzu ke tashi daga wayar kowane matashi a bakin kasuwar Dambatta.

Ba wannan gaurayar ke damuna ba. Injin niƙa da na surfe sun shiga kusan kowane ƙauye, kuma duk wadda ta taɓa surfa gero tiya biyar da hannu ba za ta yi kukan zuwansu ba. Hutu ne, alhamdu lillahi. Amma waƙar daka a bakin turmi take rayuwa, ba a rubuce take ba. Ranar da aka jingine taɓarya, ita ma ta kama hanya. Haka gangar noma ta ja baya da gayya ta yi ƙaranci. Kiɗan ƙwarya na amada ya yi sa'a, ya sami Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013 ta bar kaset-kaset. Waƙar da kakar 'ya'yanki ke yi a kan dutsen niƙa ba ta da kaset ko ɗaya. Yarinyar da ta tashi a Kano ko Abuja za ta iya rera waƙar fim daga farko har ƙarshe, amma ba ta san shantu ba ko a ido.

Don haka idan za ku gida hutun ƙarshen shekara, ki tafi da yaran, kada ki bar su a ɗaki da waya. Lokacin an gama girbi, rumbu ya cika, bukukuwa sun kankama, kuma dakan biki har yanzu yakan tara mata a turmi. Ki fita da su da hantsi. Kafin ki danna ɗaukar murya, ki nemi izinin tsofaffin gidan, domin wata waƙar habaici ce ga kishiya ko uwar miji, kuma mai ita ba za ta so ta ji ta a WhatsApp na dangi ba. Idan Iya ta ce ta manta, kada ki matsa mata. Ki miƙa wa jikarta taɓarya, ki bari ta ga yadda ta riƙe ta a karkace.