Daga Jega Zuwa Maiyama: Bin Sawun Wani Gyambo

Ba yawon buɗe ido ya kai ni Jega a farkon hunturun bana ba. Ƙanwata ce ta kira ni a waya, ta ce gyambon da ke kumatun ɗiyarta ya shiga wata na huɗu bai warke ba, har surukarta ta fara zancen jifa. Washegari na kama hanyar Kalgo daga Birnin Kebbi, kafin hantsi ina tashar Jega.

Duk wanda ya san garin ya san wannan mararraba, inda hanyar Sakkwato da ta Yawuri da ta Birnin Kebbi suka haɗu. Tun ƙarni na 19 kasuwar Jega ta yi suna a ƙasar Gwandu, fatake na sauke kaya a cikinta daga kudu da arewa, kuma har yau hayaniyar ba ta ragu ba, sai dai tirela ta maye gurbin jaki. Na ratsa masu lemo da rake na shiga cikin gari, gabana yana faɗuwa.

Yarinyar 'yar shekara 11 ce. Gyambon bai wuce faɗin kwabo ba, gefensa ya tasa kamar bakin kasko, tsakiyarsa ta lotsa ta yi ɓawo. Abin da ya ɗaure wa uwar kai shi ne ba ya yi mata zafi.

"Yaya, da fari ɗan ƙurji ne awa cizon sauro," in ji ta. "Mun sha kafso kala uku daga kyamis, mun shafa man zafi, har toka an sa. Shina ƙara faɗi dai."

Yarinyar kuwa ta daina zuwa makaranta, domin 'yan ajinsu sun ƙi zama kusa da ita. Wannan ya fi gyambon ci mini rai.

Wani abokina da ya karanci ilimin ƙwari yana zaune a Aliero, don haka na ɗauki hoton kumatun a waya na nufi can. Tafiyar gajeruwa ce a kan hanyar Sakkwato. Aliero garin albasa ne da masu ɗori, waɗanda ake kawo musu karaya daga nesa, har daga ƙetaren iyaka, sannan tun 2006 ta samu jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha. Warin albasa ke fara yi wa baƙo maraba kafin mutanen gari. A wata rumfar mai shayi muka zauna, ya dubi hoton, bai yi mamaki ba ko kaɗan. Ya ce shi ba likita ba ne, amma wannan ya yi kama da lishmaniya ta fata, kuma ƙyashi ke kawo ta.

Na yi dariya. Bahaushe ya san ƙyashi iri biyu, na zuciya da na fadama, kuma duk a raina na ɗauka na zuciyar ya fi illa. Sai ya warware mini. Sunan ƙyashi a bakinmu ya tattara ƙananan ƙwari masu cizo da yawa, amma wanda ake magana a kansa ɗan mitsitsi ne, tsawonsa milimita 2 zuwa 3, jikinsa duk gashi, launinsa kamar rairayi, idan ya sauka sai ya ɗaga fukafukansa sama. Ba ya kuka a kunne kamar sauro, ba ya tashi mai nisa, tsalle-tsalle yake yi kusa da ƙasa. Macen ce kaɗai ke shan jini, daga magariba zuwa asuba. Kuma a nan ne dabarun da muka saba da su suke kuskure shi: ba ya haihuwa a ruwa. Ramin ɓera, tsohon suri, tsagar katangar ƙasa, juji mai danshi da gindin turken dabbobi, nan yake zuba ƙwai. Mutum zai iya cike kowane kududdufi a unguwa, ƙyashi na nan daram.

A Afirka ta Yamma, ƙwayar cutar da aka fi samu ita ce wadda masana ke kira Leishmania major, mai ɗaukar ta kuma ƙyashin da suke kira Phlebotomus duboscqi. Gidanta na asali jikin ɓerayen daji ne. Ƙyashi ya sha jinin ɓera, ƙwayar ta yaɗu a cikinsa na kwanaki, sannan ya ciji mutum ya zuba masa. Daga cizon zuwa fitowar ƙurjin akan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. Wa zai tuna cizon da aka yi masa da damina idan gyambo ya buɗe da kaka? Ina ganin wannan tazara ce ta buɗe wa zancen jifa da sammu ƙofa.

Cutar ba baƙuwa ba ce. Tun 1898 wani likitan sojan Rasha, Borovsky, ya ga ƙwayar a cikin irin wannan gyambo a Tashkent. Sunan da take amsawa ya samo asali daga likitan Birtaniya William Leishman, wanda ya bayyana danginta mai kama saifa a 1903. A 1921 aka nuna a Aljeriya cewa ƙyashi ke yaɗa ta. Mutanen Halab da Bagadaza sun daɗe da saninta har ana kiran gyambon da sunan biranensu, kuma a Wagadugu ta ɓarke daga 1996 har aka laƙaba mata sunan sabuwar unguwar Waga 2000. A Najeriya an rubuta labarinta tun 1924, yawanci a wannan ɗamara ta arewa mai rairayi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta sababbin masu kamuwa da nau'in fata tsakanin 600,000 zuwa miliyan 1 kowace shekara, alhali waɗanda ake kai rahotonsu ba su wuce kimanin 200,000 ba. Ɗiyar ƙanwata tana cikin waɗanda ba a ƙirga ba, kuma ba don an ɓoye ta ba. Sau biyu aka kai ta wani ɗakin shan magani, aka wanke gyambon aka ɗaure, ba wanda ya ambaci sunan cutar.

Abokina ya tambaye ni inda yarinyar ta kwana watanni biyar ko shida da suka wuce. Na kira uwar. Hutun makaranta ta yi shi wajen kakarta, a wani ƙauye na Maiyama.

Kashegari na bi hanyar Koko. Bayan an haye gulbin da ke gefen Jega, ƙasa takan buɗe, ga gonakin gero da aka girbe, ga karan dawa a tsaye, ga shinkafa a fadama. Daga Maiyama na hau babur zuwa ƙauyen. Tsohuwar ta shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida, daidai inda jikokinta ke kwana idan zafi ya hana shiga ɗaki. Na zauna ina kallo da sabon ido. Taku biyar daga tabarmar akwai turken awaki da takin da aka tara don gona. Bayan danga ga rumbu, ƙarƙashinsa ramukan kusu, can gaba kaɗan ga suri ya kai ƙugun mutum. Duk abin da aka lissafa mini a Aliero yana cikin wannan gida, kuma ba gidan ƙazanta ba ne, gidan manomi ne kamar kowane.

"Inna, kuna da gidan sauro?"

"Akwai shi, ɗana. Amma sauro ya wuce, mun naɗe."

Ta ɗauko mini. Tsoho ne, maganinsa ya daɗe da sanyi. Ƙyashi yana iya ratsa ramukan gidan sauro na yau da kullum saboda ƙanƙantarsa, maganin da ke jikin zaren ne ke tare shi. Na lura kuma da wani saurayi da ya shigo gaishe ni, da tabo mai lotsawa a damtsensa. Ya ce gyambo ne ya yi masa wata bakwai ya tafi da kansa, yara da yawa a ƙauyen suna da irinsa.

Gaskiya ne yakan tafi da kansa, shi ya sa ba a ɗauke shi da muhimmanci ba. Ba ya kisa, ba a kuma ɗaukarsa ta taɓa mai shi ko cin abinci tare. Amma tabon damtsen saurayi daban, na fuskar 'ya mace daban, kuma duk mai ɗiya ya san abin da nake nufi. Toka da ruwan batir da ake zubawa su ne ke ƙona naman, su mayar da ƙaramin tabo babba. Gwajin kuwa ba na ƙasar waje ba ne: a kankaro gefen gyambon, a rina, a duba a madubin likita. Jega tana da kwalejin koyon aikin lafiya ta jiha, Aliero tana da jami'a. A ganina, idan kowane ɗalibin da zai fita aikin karkara ya ga hoton wannan gyambo sau ɗaya kafin ya karɓi takardarsa, rabin wahalar ta ragu. Sauran rabin na hukuma ne, domin allurar da ake yi wa cutar ba a samun ta a kyamis na ƙauye.

Na kwana a ƙauyen. Da magariba na sa aka ɗaga shimfiɗar yara kan gado, muka yi alkawari da saurayin zai toshe ramukan gindin rumbu, a kuma janye takin zuwa gona. Tsohuwar ba ta yarda da zancen ƙwaro gaba ɗaya ba, amma ta karɓi sabon gidan sauron da na sayo a Maiyama.

Ranar Litinin muka kai yarinyar wajen likitan fata a Sakkwato. An kankari gefen gyambon, ta runtse ido ba ta yi kuka ba. Sakamakon ya tabbatar da zaton abokina, aka fara mata allura a kewayen wurin. A mota muna dawowa, mun wuce Tambuwal, ta tambaye ni ko tabon zai ɓace kafin Sallah. Na ce mata zai ragu.